Kujerar Marigayi Tom

Jirgin sama na farko da na shiga a rayuwata ba na mutane ba ne, na gauraki ne da birai. Ina fara faɗin wannan ne saboda jikokina, waɗanda suke zaton da kwat da jakar hannu na tafi Amurka, ana kawo mini shayi a faranti.

Lokacin Turawa suna nan, ana ta zancen mulkin kai amma bai iso ba. Ni malamin gona ne na En'e a Safana, ina zagaya Runka da Zakka a kan keke. Wata makarantar aikin gona a Amurka ta ba ni gurbi, karatu da ci da kwana duk a kansu, kuɗin jirgi ne kawai nawa. Sharaɗinsu ɗaya ne: in ranar buɗe makaranta ta zo ban iso ba, wani za su ba. Gwamnati kuwa Ingila take tura ɗalibai, ba ruwanta da Amurka. Baturen gona ya ce in na tafi to aikina ma ya tafi, ya ƙara da cewa zai gan ni na dawo kafin a cire gyaɗa. Na ajiye masa aikinsa. Kawu Iro, dillalin shanu a kasuwar Batsari, wanda ya ɗauko ni daga Karare tun ina ƙarami ya rene ni a cikin kara, wurin cinikin shanu, shi ya sayar da bijimaina. Kakata Inna Dije ta Zakka ta haɗa da tumakinta duka. Ta ce, "Ungo, mijin banza, ba cefane sai karɓa. In ka dawo hannu rabbana kada ka biyo ta ƙofata." Haka muke da ita tun ina rarrafe, ni ne mijinta, ita ce amaryata mai haƙori ɗaya. Kuɗin da aka tara na zuba a lalita na ɗaura a ƙugu, ina jin babu jirgin da zai gagare ni.

Kano ce ta fara rage mini zafin kai. Ni mutum ne da ko allura ban taɓa saya ban taya ba, tarbiyyar Kawu Iro ce. Da akawun ofishin jirgi ya faɗi kuɗin zuwa Amurka sai na yi dariya irin ta 'yan kara, na taya rabi, na juya kamar zan fita ina jiran ya kira ni. Har na kai bakin titi babu wanda ya ce mini kanzil. Na shiga ofis na gaba, kuɗin nan dai shi ne, ko anini bai ragu ba. Abin da ke lalitata kuwa bai kama ƙafarsa ba. Na koma masaukina a Fagge, gidan wani mai fataucin fata abokin Kawu, na zauna na yi tagumi.

Mai masaukina ya ji kukana, ya ce shi bai san Amurka ba, amma ya san doguwar tafiya zango-zango ake yinta. Ya ce in nemi hanyar Ingila tukuna, can jirage sun fi yawa. Ya kuma san wani Bature da ke sayen namun daji yana aika su gidajen kallo na Turai, yana neman wanda zai bi su a jirgin kaya ya riƙa ba su ruwa. Baturen ya tambaye ni ko na saba da dabbobi. Na ce a cikinsu na girma. Ban gaya masa shanu nake nufi ba.

An ba ni benci a tsakanin akwatuna, da bargo, da bokiti. Jirgin na tashi gauraki suka kaure da kuka, birai suka amsa, ni kuma ina karanta duk addu'ar da na sani. Wari kuwa ba a magana. Muna tsakiyar Sahara wani biri ya miƙo hannu ta tsakanin ƙarafa ya cire mini hula, ya yayyaga ta ina kallo. A Tarabulus muka sauka shan mai. Wani dattijo Balarabe mai shara ya gan ni ina waige-waigen alƙibla, ya kama kafaɗata ya juya ni, da na idar ya miƙo mini shayi a ɗan kofin gilashi. Ban da sallama babu abin da muka ji na bakin juna. Daga nan Malta, daga nan Landan. Na sauka ba hula, ina warin biri, amma ko tsuntsu ɗaya bai mutu a hannuna ba, kuma ban taɓa lalitata ba. Na ce a raina, Rabe, ka ci rabin tafiya kyauta.

Landan ta tarbe ni da yayyafi marar ƙarewa. Gidajen haya da yawa ƙofa kawai ake buɗewa a dube ni a mayar a rufe. Da ƙyar na sami ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jiragen ruwa, da wani murhun gas da sai ka jefa masa sule yake yarda ya ɗumama ka. Na yi ta bin ofisoshin jirage, amsar dai irin ta Kano. Jirgin ruwa ya fi araha, amma duk a cike suke da Amurkawa masu komawa gida daga hutu, wanda ke da wuri kuma sai an buɗe makaranta zai isa.

A ƙofar ɗaya daga cikin ofisoshin nan na ji an ce, "Sannu da rana, maigida! Ina gajiya?" Na waiwaya da sauri. Bature ne jawur, mai gashin baki, da kwat mai kyau. Ya ce shi saje ne a da, ya zauna Kaduna, ya yi yaƙin Bama tare da sojojinmu. Hausarsa ta bariki ce, duk a karkace, amma ni da na yi kwanaki ba wanda ya tambaye ni gajiya, sai da hawaye suka taru mini. Ya ja ni wani shagon shayi, ya ce nan ne wurin zamansa, aikinsa haɗa matafiya da kujerun jirgi masu rahusa. Na ce ashe dillali ne. Ya buga tebur ya ce, "Dillali, i, dillali!"

A nan aka ci ni. A wurinmu dillali yana da gindin bishiyarsa, an san gidansa, an san ubansa, in saniya ta fito ta sata shi ake kamawa. Na ga mai shago ya gaishe shi da suna, na ga teburin da ya ce nasa ne, sai na ɗauka wannan ita ce bishiyarsa. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce, "Albarka," muka ja, ya sallama. Daɗin jin ciniki irin na gida ya rufe mini ido. Na ba shi kafin alƙalami mai tsoka, ya ce in dawo jibi in karɓi tikiti. Ranar na zauna a teburin nan tun hantsi har aka fara kifa kujeru. Mai shago ya ce shi ma bai fi mako da saninsa ba.

Na koma ɗakina ban kunna murhu ba, don yanzu sule ma ya yi mini tsada. Na kwance ƙullin ƙuli-ƙulin da Inna Dije ta yi mini guzuri, na sa ɗaya a baki, ƙamshin gyaɗar Zakka ya bugi hancina, sai kuka ya ƙwace mini. Na tuna turken tsohuwar nan ya zama wayam saboda ni. Na tuna murmushin Baturen gona. Kewar gida ta kama ni har cikin ƙashi, amma tsoron komawa gida ya fi ta ƙarfi. Ranar buɗe makaranta kuwa ta matso, bai fi kwana goma ba.

Da safe na wanke fuska na yi tunani irin na kara. A kasuwar Batsari wanda ya sayi saniya da hantsi shi ke biya da tsada. Mai wayo zama yake a inuwa sai la'asar ta yi sanyi, lokacin da Bafulatani ya fara hangen nisan dajin Rugu, yana tunanin wahalar kora dabbarsa ya koma da ita. To ai jirgi ma yana tashi da kujerar da ba a saya ba. Wa ke jin zafin wannan kujera? Shi nake nema.

Na kai tambayar wurin wata budurwa akawu a ofishin da na fi zuwa, wadda ta gaji da ganina har ta fara yi mini murmushi. Ta ce kamfanonin duk sun haɗa baki ne a kan kuɗi ɗaya, wanda ya rage za a ci shi tara, gara su tashi da kujera ba kowa. Ta duba ko maigidanta na kusa, sannan ta rage murya ta ce akwai masu ɗaukar shatar jirgi sukutum, su ne kujera ɗaya ke yi wa ciwo. Ta kwatanta mini wani zauren taro a bayan wata coci. Ta ce ƙungiya ce ta iyayen 'yan matan da sojojin Amurka suka aura lokacin yaƙi suka tafi da su. Tsofaffin nan sukan yi shekaru suna tara kuɗi, su ɗauki jirgi guda su je ganin 'ya'yansu. Jirginsu zai tashi ƙarshen mako.

Sakataren ƙungiyar wani busasshen tsoho ne mai tabarau. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Kana da 'ya a Amurka?"

Na ce ko aure ban yi ba.

Ya ce to doka ta hana. Jirgin na 'yan ƙungiya ne da mutanen gidansu, in ya ɗauki bare hukuma za ta hana jirgin tashi. Bai wulaƙanta ni ba, amma ya nuna mini ƙofa. Na fito na zauna a kan matakala. Ba ni da inda zan je da ya fi nan, kuma la'asar ba ta yi ba.

Can da yamma wata tsohuwa ta fito, gajeruwa mai ƙiba, da baƙar hula, tana dogara sanduna biyu. Ta tsaya a saman matakalar ta kasa saukowa. Na miƙe na karɓi jakarta, na ba ta kafaɗa, muka sauko a hankali. Da muka kai ƙasa sai na ga kuka take yi, irin nasu marar sauti. Na zaunar da ita a benci na tsuguna a gefe. Sunanta Misis Dosin. Ta ce ita da mijinta Tom sun daɗe suna tara kuɗin kujeru biyu, har da na ƙaramin jirgin da zai kwashe su daga birnin Niyok na Amurka zuwa garin da 'yarsu Meri take aure, can kudu. Jikokinta ba ta taɓa ganinsu ba sai a hoto. Kwanan baya Tom ya faɗi a lambu, ya rasu. Yanzu sakatare ya ce kuɗin Tom ba ya dawowa, ita kuma da ƙafafun nan ba za a ɗauke ta ba sai da mai kula da ita a hanya. Ba ta da kowa, 'yar'uwarta ɗaya ce kuma ta fi ta tsufa.

Na yi mata ta'aziyya yadda muke yi, doguwa, har ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa a raina na gane la'asar da nake jira ta yi. Kunya ta kama ni, ga mace tana kukan mijinta, ni idona yana kan kujerarsa. Na rasa ta inda zan ɓullo. Tana cikin share hawaye ta ja hanci ta gyara zaman haƙoranta na roba, ta murguɗa baki sak yadda Inna Dije take yi, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ki daina kuka, amarya. Ga miji Allah ya kawo miki, saurayi, sai dai ko hula ba shi da ita."

Fuskarta ta yi ja, ta ɗaga sanda ɗaya. Sai a lokacin na tuna ba a Zakka nake ba, kuma matar nan ba ta daɗe da binne miji ba. Na shiga in'ina ina bayani. Na ce a ƙasarmu jika mijin kakarsa ne, wasa ne, tsokanar juna suke yi har mutuwa ta raba, ita ta ce masa raggo, shi ya ce mata ba ta iya tuwo ba. Sandar dai ba ta sauka ba, don haka na ci gaba. Na ba ta labarin tumakin Inna Dije, da makaranta, da Saje, da birin da ya cinye mini hula. A wurin birin ne ta fashe da dariya, ta yi ta yi har sai da ta tare haƙoran da hannu. Ta ce rabonta da dariya tun ranar da Tom ya faɗi. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka cika rama. Tom ya fi ka kyau nesa ba kusa ba. Tashi ka mayar da ni ciki."

Sakatare ya ce doka ta yarda da mai kula da ita in mutumin gidanta ne. Ta ce daga yau a ɗakin baya na gidanta zan kwana, ni zan riƙa yi mata cefane, in yana so ya zo ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya soke sunan Tom ya rubuta nawa. Na ga ta kawar da kai lokacin da yake sokewa.

A ɗakin girkinta muka yi cinikin. Ta ce kujerar an riga an biya, in hau kawai. Na ce ban zo Ingila bara ba, na zazzage lalita a tebur na ce ta kwashe duka. Ta ce to da me zan sayi rigar sanyi? Ta ware 'yan kaɗan ta turo mini sauran. Na ce, "Albarka," na fassara mata, na mayar mata da su. Ta ce na faye taurin kai, ta ƙara kaɗan a nata. Muka yi ta ja, ita tana ragewa ni ina ƙarawa, har shayi ya huce, muka tsaya a rabi. Ni Rabe na Kawu Iro, yau ga ni ina ciniki ina ƙara wa kaina kuɗi, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin ciniki irin na ranar ba. Da muka gama ta ɗauko hular ulu ta Tom ta kifa mini a ka, ta ce mijinta ba ya yawo ba hula.

Jirgin tsoho ne mai farfela huɗu, cike da furfura. Ni kaɗai ne baƙi a ciki, kuma ina jin ni kaɗai ne mai haƙoran da Allah ya ba shi. Aka yi ta kallona, wata ta janye jakarta daga kusa da ni. Misis Dosin ta dube ta ta ce da ƙarfi, "Sabon mijina ne, ki yi hankali." Kafin mu sauka ƙasar Ailan shan mai labarin ya zagaye jirgin, ana ta kirana in ɗaura wa wannan bel, in sauko wa waccan da kaya. Na fito da ƙuli-ƙuli na zagaya da shi. Wani tsoho ya gartsa da ƙarfi, da ya zaro sai ga haƙoransa na sama sun biyo. Daga nan suka koma jiƙa shi a shayi.

Teku kuwa ba ta da ƙarshe. Ƙafafun Misis Dosin suka kumbura, na cire mata takalma, ina tallafa ta zuwa makewayi da dawowa. Muna dab da ƙasa na leƙa taga na ga farfela ɗaya ta tsaya cak. Ban gaya mata ba, na dai kama salati. Muka sauka a Ganda, a wani tsibiri na Kanada, ba komai sai itatuwa da hazo. Aka ce inji ya lalace, sai an kawo kayan gyara, jirgin da zai kawo su kuma hazo ya hana shi sauka. Muka kwana, muka sake kwana, a wasu dogayen ɗakuna na soja. Ina kallo kwanakina suna zubewa, ba yadda zan yi. Na daina wasa, na daina cin abinci. Misis Dosin ta same ni a bakin taga, ta zungure ni da sanda ta ce, "Wane irin miji ne wannan mai kumbura fuska? Tashi ka kai ni in ci abinci, kuma kai ma sai ka ci." Na tashi na kai ta, na kuma ci.

Ranar da muka isa Niyok, washegari ne buɗe makaranta. Ƙaramin jirgin da Tom ya biya ya daɗe da tafiya. Akawun wurin ya ce jirgin shata ne ya makara ba nasu ba, sai dai mu sake biya. Na buɗe baki zan fara ciniki, Misis Dosin ta riga ni. Ta sa na ajiye akwatinta a gaban teburinsa, ta zauna a kai, ta jera masa hotunan jikokinta, ta ce nan za ta zauna har ya samo kujera biyu ko ya kira 'yan sanda su ɗauke ta. Sauran tsofaffin suka kewaye mu suna ta surutu. Ba a jima ba aka samo mana wuri a wani jirgi mai tsayawa kowane gari kamar motar kasuwa. A wani garin kuma dole mu canza jirgi, ga shi ɗayan har ya tada inji. Na duƙa na goya ta, na riƙe sandunan a hannu, na ruga a guje a tsakiyar fili, tana dukan kafaɗata tana cewa in ƙara sauri.

Meri na jiranmu da yara. Uwa da 'ya suka rungumi juna suna kuka, jikoki suka riƙe mata riga. Na koma gefe da sanduna biyu a hannu, ni ma ina share ido. Mijin Meri, wani dogon manomi, ya dube ni bai miƙo hannu ba, ya sa hannu a aljihu zai sallame ni kamar ɗan dako. Misis Dosin ta ce, "Mayar da kuɗinka. Dubi hular da ke kansa. Wannan yaro shi ya goyo ni daga Landan har nan. Gobe ake buɗe makarantarsa, kuma kai za ka kai shi, in ba haka ba ni da shi mu koma inda muka fito."

Da asuba muka kama hanya a a-kori-kurarsa. Rabin tafiyar idonsa na kan titi, ko kallona bai yi ba. Sai da muka shiga wasu gonaki da ba a ganin iyakarsu, na gane ganyen, na ce masa wannan gyaɗar ta kusa cira amma ruwa ya yi mata yawa. Ya waiwayo ya dube ni. Daga nan har ƙofar makaranta zancen gyaɗa muke yi. La'asar ta yi muka isa, magatakarda yana tattara takardunsa. Na faɗi sunana. Ya ce, "Mun ɗauka ba za ka zo ba." Na ce, "Na zo." Wani farin ciki ya cika mini ƙirji har na ji kamar in yi kirari a ofishin mutane. Da na fito manomin yana tsaye jikin motarsa, wannan karon shi ya fara miƙo hannu.

An cire gyaɗar shekarar a Safana, an cire ta baɗi, an cire ta bayanta, Baturen gona bai gan ni ba. Lokacin da na dawo da takardar digiri shi ya riga ya koma ƙasarsu. Misis Dosin kuwa muna aika wa juna gaisuwa har ta rasu a gidan Meri, cikin jikokinta.

A Zakka na iske Kawu Iro da Inna Dije a tabarma ɗaya. Kawu ya karɓi takardar ya juya ta ya ajiye, ba ita ta dame shi ba. Labarin ciniki yake son ji. Na ba su tun daga birai. Da na zo kan Saje ya yi tsaki. Da na zo kan jiran la'asar a matakala ya gyara zama yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Yawwa, ɗana. To nawa ka taya?"

Na ce, "Kawu, ban taya ba. Ita ta ce kyauta, ni na ƙara."

Ya ajiye goron da ke hannunsa. "Mi ka ce? Mai kaya ta sallama, kai ka hau da kuɗi? Duk zaman da ka yi bayana cikin kara abin da ka koyo ke nan? Rabe, kada ka kuskura wannan magana ta shiga Batsari."

Inna Dije tana ta juya hular Tom a hannu tana duba saƙar. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Rabu da shi, Iro. Ba kujera ya saya ba, sadaki ya biya. Ka taɓa ganin namijin kirki ya nemi ragi wurin sadaki?" Sannan ta harare ni. "Sai dai ni da ka aura tun kana rarrafe, har yau ban ga nawa ba."

Na ce amarya ta leƙa bayan ɗaki. Ta dogara ta tashi, muka bi ta. Turken da ta bari wayam saboda ni ya cika da tumaki, har da rago, waɗanda na sa yara suka shigo da su ta baya kafin in yi sallama. Ta tsaya tana kallonsu, ta sa bakin zane a ido. Kawu ya kama ragon yana latsa bayansa, ya ce yaushe na saye su, a hannun wa, nawa aka sallama.

Na ce, "Kasuwar Batsari, Kawu. Da hantsi. Kuma ban taya ba."